Wa Ya Sauke Ka?

A Magama, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya, akwai wani dattijo da ya haura shekara arba'in yana saukar baƙi. Abin da ya mallaka na wannan sana'a bai wuce zaure mai faɗi da ɗakuna uku a waje ba, sai wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa. Fatake daga Maraɗi da Madarumfa da Tasawa, masu zuwa cin kasuwar Jibiya ranar Lahadi da masu wucewa Katsina da Kano, a gidansa suke yada zango. Idan baƙo ya sha ruwa ya yi salla, sai ya kwance damin kuɗinsa, sefa ce ko naira, a ƙirga a gabansa da gaban shaida. Dattijon ya rubuta adadin da ajami a wani littafi mai baƙin bango, a sa kuɗin a akwati. Baƙo ya shiga kasuwa da abin da zai ɓatar a ranar kaɗai.

Ɗansa na uku ya tashi yana ganin wannan kullum, sannan ya yi karatun boko har ya zama mai harhaɗa magunguna a wani asibiti a birnin Katsina. Shi ne aka ɗauke wa jaka a bakin teku a Zanzibar, da rana tsaka, cikin abin da bai kai minti goma ba. Har yau kunyar abin ta fi asarar ci masa rai.

Wanda ya girma a bakin iyaka yakan ɗauka idonsa ya gama buɗewa. Tun yana firamare ya iya lissafin kuɗin ƙasa biyu: ya san dala tamma biyar ce, jika kuwa dala ɗari biyu. Ya san yadda ɗan canji marar tsoron Allah yake ninke takarda a tsakiyar dami don a ƙirga ta sau biyu. Ya san turereniyar da ake haɗawa da gangan a ƙofar mota domin a yanki aljihu. Ya kuma ga abin da ya fi yankan aljihu muni. A gabansa aka rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. A 2021, da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta, gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Jibiya. Mutumin da ya saba lissafa lokacin fita da na dawowa a irin wannan hanya, yana tsallake shinge bayan shinge don ya je gaishe da iyayensa, ba zai ji ɗar ba don an ce masa akwai ɓarayi a tsibirin da Turawa ke zuwa shan iska.

Tafiyar ta cikar aurensu shekara goma ce. Shi da matarsa, wadda malama ce a makarantar sakandare, sun yi shekara biyu suna zubin adashi dominta. Suka nemi biza tun daga gida, suka biya inshorar dalar Amurka 44 kowannensu, wadda hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi tun daga Oktoban 2024, suka tashi daga Kano ta Addis Ababa. Kwana biyu na farko sun yi su a tsohon birnin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Garin bai yi musu baƙunta sosai ba. Ga kiran salla ta kowane ɓangare, ga mata cikin lulluɓi, ga lunguna masu ƙunci kamar na cikin birnin Katsina. Harshen Suwahili ma ya riƙa jefo musu kalmomin da Larabci ya raba wa harsunan biyu: habari da labari, hatari da hatsari, dalali da dillali. Amana kuwa amana ce a can da nan.

A cikin birnin bai yi sake ba ko kaɗan. A kasuwar Darajani da dandalin Forodhani, inda ake gasa kifi da dare, jakarsa a ƙirji take, hannunsa a kanta. Samarin da ke manne wa baƙi suna tallar yawon buɗe ido da jirgin ruwa, waɗanda mutanen garin ke kira papasi, wato kaska, ya sallame su da irin fuskar da yake sallamar 'yan kamasho a tasha. Ya ji daɗin kansa. Ya ce wa matarsa duk inda ɗan iyaka ya je, ɗan gari ne.

Daga nan suka koma Paje, wani ƙauye a gaɓar gabas ta tsibirin Unguja, suka sauka a ƙaramin masauki mallakar wata dattijuwa. Daren da suka isa, bayan ta nuna musu ɗaki, ta ce idan suna so su kawo fasfo da kuɗin da ba sa buƙata ta ajiye musu a akwatin ƙarfen da ke ofishinta, za ta ƙirga a gabansu ta ba su rasit. Ya yi mata godiya, ya ce ba komai, za su riƙe. A zuciyarsa dalili ɗaya ne: bai san ta ba. Duk abin da ya karanta a intanet kafin tafiya ya taru a kan cewa kada matafiyi ya yarda da kowa. Bai yarda da ita ba, bai yarda da masu sharar ɗaki ba, don haka ɗakin ma bai yarda ya bar komai a ciki ba. Sai ya tattara fasfo biyu da katunan banki da wayarsa da dalolin guzuri a ƙaramar jaka guda, yana yawo da ita har banɗaki.

A gaɓar gabas teku yakan janye sau biyu a yini, ya bar fili mai nisan gaske na farin yashi da ruwa iya idon sawu. A lokacin ne matan ƙauyen ke shiga gonakinsu na ciyawar teku, wadda suke ɗaurawa a igiyoyi tsakanin turaku, su busar, a saya a fitar ƙasashen waje. Rana ta uku matarsa ta ce tana son ta ga wannan noma da idonta. Shi kuwa, wanda ruwan da ya fi sani shi ne na madatsar Jibiya, ya ji tsoron kada ruwa ya dawo ba zato ya jiƙa fasfo. Ya ajiye jakar a gindin bishiyar kwakwa, ya rufe ta da tawul, ya ɗora takalmansu a kai. Bakin tekun kusan ba kowa, kuma daga inda za su tsaya yana hango bishiyar. Suka shiga, yana tafe yana waiwaye. Can ciki wata mata ta miƙo musu reshen ciyawar su taɓa, matarsa ta ciro wayarta tana ɗaukar hoto, ya sunkuya yana duba yadda ake ɗaurin. Da suka dawo, takalma na nan, tawul na nan, jaka ta tafi.

Da ya ɗaga kai sai ya hango wani saurayi yana gudu a bakin ruwa. Ya riga ya koyi kalmar ɓarawo da Suwahili, mwizi, kuma ta zo masa har leɓe. Matarsa ta riƙe masa hannun riga.

“Malam, ka gan ta a hannunsa?”

Bai gani ba. Ya tuna wata rana yana yaro, da aka yi ihun ɓarawo a tasha, jama'a suka rufar wa wani almajiri da duka, daga baya aka tsinci jakar da ake nema a ƙarƙashin kujerar mota. A Gabashin Afirka ma wannan ihu yana tara mutane kamar yadda yake tarawa a nan, kuma idan sun taru ba a cika tsayawa bincike ba. Ya haɗiye kalmar. Har ya bar tsibirin bai san ko wane ne saurayin ba, kuma yana gode wa Allah da bai ɗauki alhakinsa ba.

Suka koma masauki. Dattijuwar ta saurare su har ƙarshe, ba ta tuna masa tayin da ya ƙi ba. Ita ce ma ta tsara musu abin yi. Da farko a toshe banki. Wayar ɗan Nijeriya a yau ita ce lalitarsa: layinsa a haɗe yake da lambarsa ta ɗan ƙasa da asusunsa, kuma ta layin ne lambobin tabbatar da cirar kuɗi ke shigowa. Wanda ya samu waya da katin banki tare ya samu ƙofa da mabuɗinta. Da wayar matarsa ya kira ƙanensa a Katsina, wanda ya danna lambar gaggawa ta bankin daga wayarsa ya rufe asusun, sannan ya je ofishin kamfanin waya ya sa aka toshe layin. Bayan haka sai rahoton 'yan sanda, domin da takardarsu ce ake neman takardar tafiya ta gaggawa a ofishin jakadancin Nijeriya da ke Darussalam, tafiyar kusan awa biyu a jirgin ruwa daga tsibirin. Jirginsu na komawa saura kwana huɗu. Kuɗin jirgin ruwa da na kwana a Darussalam kuma suna cikin jakar da ta tafi.

A nan matarsa ta shiga ɗaki ta fito da ɗan ƙulli. Tun a Katsina ta ware wani abu daga cikin dalolin, ta ɗinke a cikin lalitar da surukarta ta ba ta tun tana amarya, ta ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zani. Ba ta gaya masa ba, don ta san zai ce ƙauyanci ne.

Abu na uku da dattijuwar ta yi, ba ya cikin duk abin da ya karanta a intanet. Ta yafa mayafi ta kai shi wurin sheha, wanda a Zanzibar yake matsayin mai unguwa ko dagaci. Ta gabatar da shi da cewa baƙonta ne. Bai ji duk abin da suka tattauna ba, amma ya ji ta maimaita wannan kalma. Bayan sallar magariba aka yi sanarwa a masallaci cewa baƙon wance ya rasa littattafai biyu masu koren bango, duk wanda ya tsinta ya ajiye inda za a gani, ba za a tambayi kowa komai ba. Washegari da asuba ladan ya tarar da leda a bakin ƙofar masallacin. Fasfo biyu da katunan banki suna ciki. Waya da daloli ba su dawo ba.

Abin da ya faru a Paje tsohon tsari ne da Hausawa suka daɗe da sani, har suka gina fatauci a kansa. Ƙasar da Magama take a cikinta ta yi shekaru tana cikin wurare masu hatsari ga matafiyi. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun koma arewa suka kafa mulki a Maraɗi da Tasawa, tsakanin ɓangarorin biyu ya zama daji na hare-hare. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya ratso daga Tasawa ta Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, a cikin ayarin gishiri na Abzinawa ya biyo, ƙarƙashin kariyar manyansu. Fataken goro masu zuwa Gwanja su ma ba sa tafiya ɗai-ɗai. Ayari yana da madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya, yana da jagaba mai shiga gaba don duba hanya da zango. A kowane gari kuma akwai mai masauki, wanda a wasu wurare ake kira fatoma.

Aikin mai masauki ya wuce ba da ɗaki. Shi ke ajiye kuɗi da kaya, shi ke haɗa baƙo da dillali, shi ke tsaya masa idan rigima ta taso. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu ya rataya ne a wuyan waɗannan masu gidaje, domin su ke lamunce bashi tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Tun kafin wannan, Hugh Clapperton, da ya shiga Kano a 1824, ya lura cewa ana sa sunan dillali a cikin ƙunshin tufa, ta yadda idan an kwance a wata ƙasa mai nisa aka ga algus, a dawo da shi a karɓi kuɗi. Malaman fiƙihu kuma sun yi wa ajiya babi na musamman, inda suka bayyana lokacin da mai ajiya zai biya da lokacin da ba zai biya ba. Duk wannan an gina shi ne a kan karin maganar nan da ke cewa baƙo ko da ido makaho ne. Tunda ba zai iya sanin kowa a garin da ya sauka ba, sai ya nemi mutum ɗaya da kowa ya sani, ya jingina da shi.

Wannan ne abin da ɗan Magama ya rasa gane wa game da kansa. Wayon da yake taƙama da shi na sanin mutane ne: ya san ɗan canjin da ake shakka, ya san direban da ba ya tafiyar dare, ya san yaron da ake kaffa-kaffa da shi a tasha. Irin wannan sani ba ya hawa jirgi. Ya kuma manta cewa rabin tsaron da yake samu a gida ba nasa ba ne, na sunan mahaifinsa ne. Ɓarawon kasuwa ba ya taɓa baƙon dattijon, don ya san kafin la'asar maganar za ta isa gidansu. Ɗan yawon buɗe ido kuwa ba baƙon kowa ba ne. Yau ya zo, jibi ya tafi, ba zai dawo ya ba da shaida a kotu ba, kuma ba wanda zai ji kunya dominsa. Hakan ne ya sa yake da sauƙin cuta a Zanzibar, da tsibirin Legas, da duk inda baƙi ke zuwa su wuce. Da ya ƙi miƙa wa dattijuwar ajiya, ya zaɓi ya zauna a wannan matsayi. Rashin yarda da kowa shi ya tara masa dukiyarsa wuri ɗaya, ya kuma kai ta gindin bishiya.

Ba a ce duk mai masauki amintacce ba ne. Ana sata a ɗakunan otal, ana kuma samun masu ajiyar da ke cin amana, a Magama da ko'ina. Fataken da ke sauka a gidan dattijon ba su yarda da shi don kyawun fuska ba. Sun duba cewa gidansa ba zai tashi ya gudu ba, yana da suna da zai zube idan ya ci amana, kuma maƙwabta sun san shi. Bayan haka ma sai an ƙirga, an rubuta, an kafa shaida. Dattijuwar Paje ta cika waɗannan sharuɗɗa duka, har da rasit. Samarin da ke tare baƙi a titi ba su cika ko ɗaya ba. Shi kuwa ya zuba su a kwando guda, ya kira hakan taka-tsantsan. Fataken kuma ba sa miƙa komai gaba ɗaya. Wani abu na wurin mai masauki, wani na lalita, ɗan kaɗan na aljihu, ta yadda duk inda tsautsayi ya faɗa akwai na komawa gida. Matarsa, wadda ba a Magama aka haife ta ba, ita ce ta riƙe wannan darasi daga bakin surukarta.

Sauran kwanakin sun yi su cikin tsimi. Fasfo suna akwatin dattijuwar, rasit na aljihunsa, hoton shafin farko na kowane fasfo yana wayar matarsa da ta ƙanensa. Idan za su shiga ruwa, ba sa fita da abin da za su yi kuka a kansa. Ranar tafiya ya so ya ba dattijuwar wani abu daga ɗan abin da ya rage, ta ƙi karɓa. Ta ce idan ya ga dama ya kai wa ladan.

Sai da ya yi mako biyu da dawowa kafin ya iya zuwa Magama. Ranar Asabar ce da yamma, baƙin kasuwar Lahadi sun fara isowa. Ya tarar da mahaifinsa a zaure, tabarau a kan hanci, wani Bamaraɗe a gabansa yana kwance dami. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya jira har aka gama ƙirga, aka rubuta, aka rufe akwati. Sannan ya ba shi labari tun daga farko, kansa a sunkuye, yana jiran a tambaye shi nawa aka ɗauka.

Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Wa ya sauke ka a can?”

“Wata dattijuwa ce, Baba.”

“Ta yi maka tayin ajiya?”

“Ta yi.”

Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce a nemo turmin atamfa mai kyau da kilishi, a binciko wanda zai je wajen, a kai mata. Ya ce a rubuta mata cewa saƙon daga mai masaukin Magama ne, kuma idan wani nata ya taɓa biyowa ta wannan iyaka, yana da ɗaki.